Yadda za ka saba wa ƙaramin kwikwiyo da keji har ya daina yi maka fitsari a ɗaki

Masu ƙananan karnuka irin su Ciwawa da Fomeraniyan da Maltis da Shi Zu kusan kukansu ɗaya ne, wai karen taurin kai gare shi, an yi an yi ya ƙi koyo, kullum sai an tsinci jiƙa a bayan kujera. Ba taurin kai ba ne fa. Mafitsararsa ce ƴar mitsitsiya, kuma cikinsa na narkar da abinci da sauri fiye da na babban kare, abin da ya shiga ba ya jimawa yake neman hanyar fita. Ga kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, babban kwikwiyo in ya tsula fitsari a falo kowa zai gani nan take, shi kuwa wannan ɗan abin da bai kai kilo 2 ba sai ya shige ƙarƙashin tebur ya ɗiga ɗan kaɗan ya fito yana kaɗa wutsiya kai ba ka da labari, kuma duk sanda ya yi haka ba a gani ba to ya ɗauka nan ma wurin yi ne. Shi ya sa aikin gaba ɗaya ido ne da agogo, kejin kuwa amfaninsa ya riƙe maka shi a lokacin da idonka ba ya kansa.

Abin da ya sa keji ke aiki shi ne kare ba ya son ɓata inda yake kwana, tun yana ƙarami in ya ji ya matsu yake jan jiki ya bar makwanci. To amma sai kejin ya zama daidai shi. Ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya iya juyawa, ya kwanta ya miƙe ƙafa, shi ke nan. A nan masu tausayi ke ɓata lamarin, sai mutum ya sayo ƙaton keji wai don ɗan karen ya sake, shi kuma ya raba shi biyu da kansa, nan gado can masai. In kejin ya yi girma ka sa abin tsakani ka rage shi, kejin waya da yawa ana sayar da su da shi, yana girma kana matsar da shi baya. Ka duba tazarar wayoyin kar kansa ko ƙafarsa su maƙale. Kuma ka riƙa cire masa abin wuya kafin ya shiga, don yana iya sarƙewa ya shaƙe shi.

Kar ka cusa shi ciki ka rufe a ranar farko. Ajiye kejin inda mutanen gida ke zama, ƙofa a buɗe, ka shimfiɗa ɗan tsumma mai laushi, ka jefa ƴar lomar abin da yake so a bakin ƙofa, sannan can ciki, ka ƙyale shi ya shiga ya fito yadda ya ga dama. Abincinsa ma a ciki za ka riƙa ba shi. In ya fara shiga ba ɗar-ɗar sai ka tura ƙofar yana cikin ci, da ya gama ka buɗe. Gobe ka ƙara minti 1 ko 2, jibi ka kai 5, kana zaune kusa, daga baya ka ɗan fita ka dawo, a haka a haka har ya kai rabin awa yana kwance abinsa. Wani kwikwiyon kwana biyu ya saba, wani sai an yi mako biyu ana fama, duk daidai ne. Abu ɗaya dai, kada keji ya taɓa zama wurin hukunci. Ranar da ka daka masa tsawa ka wurga shi ciki don ya tauna maka takalmi, ka rushe aikin da ka yi da hannunka.

Yanzu maganar agogo, wadda ita ce uwa uba. Lissafin da masu horar da karnuka suka saba yi shi ne kwikwiyo na iya riƙe fitsari kamar awa 1 ga kowane wata na haihuwarsa, wato ɗan wata 2 awa 2, ɗan wata 3 awa 3. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, kuma ga ƙananan nan ni dai shawarata ka rage, ɗan mako 8 zuwa 10 ka fitar da shi duk awa in idonsa biyu. Ban da wannan akwai lokutan da babu wani lissafi, fita kawai za a yi: da ya farka daga barci ko da ɗan gyangyaɗi ne, bayan ya ci ko ya sha da kamar minti 5 zuwa 20, da ya gama guje-guje, da kuma dab da kwanciyar dare. Da safe ma ɗaukarsa za ka yi a hannu daga kejin kai tsaye zuwa waje, don in ka ce ya biyo ka da ƙafa, wallahi kafin ku kai ƙofa ya riga ya sauke.

Wuri ɗaya za ka zaɓa ka riƙa kai shi kullum, warin da ya bari jiya shi ke tuna masa abin da ya kawo shi. Ka riƙe shi da igiya, ka tsaya shiru, ba wasa ba hira, ka zaɓi kalma ɗaya kamar "yi maza" kana faɗa sanda ya tsuguna. Yana gamawa, a wurin, cikin daƙiƙa biyu uku, ka yabe shi ka miƙa masa ƴar lada. Ba sai kun koma ciki ba, in ka bari sai a ɗaki to shi a ganinsa ladan shigowa ɗaki ka ba shi, gobe zai riƙa sauri ya koma bai gama ba. Ladan ma ƙanƙani, kamar ƙwayar wake, cikin nasa ba wani babba ba ne. In kun yi minti 5 bai yi komai ba ka mayar da shi keji minti 10 ko 15 ku sake fitowa. Sai ya yi sannan ya samu ƴancin yawo a ɗaki, shi ma ɗaki ɗaya, kana kallonsa. Da ka ga ya bar wasa ya hau shinshinar ƙasa yana zagaye, ko ya sulale zai ɓuya, sunkuce shi.

Ka lura da inda kake kai shi kafin ya gama allurar rigakafinsa, wadda yawanci sai wajen mako 16 ake kammalawa. Cutar nan mai sa amai da gudawar jini da likitoci ke kira farbo tana daɗewa a ƙasa inda karnuka masu ita suka yi kashi, kuma tana kashe ƴan kwikwiyo. Lungun gidanka da karnukan waje ba sa zuwa ya fi.

Dare kam sai haƙuri. Makonnin farko za ka tashi sau ɗaya ko biyu, babu makawa. Ka sa kejin kusa da gadonka don ka ji motsinsa, shi ma jin kana kusa na rage masa kuka, ka tuna fa jiya-jiyan nan aka raba shi da uwarsa da ƴan uwansa. In ya yi kuka tsakar dare ka fitar da shi ba tare da kunna fitilu ko wasa ba, ya yi, ka mayar. In kuma yanzun nan ya yi ya dawo yana ƙorafi, to rigima ce kawai, ka jira ya ɗan yi shiru kafin ka taɓa ƙofar, in ba haka ba ka koya masa cewa kuka ne mabuɗi. Amma akwai bambanci tsakanin ƙorafi da firgici, wanda ke haki yana dalalar da miyau yana cizon waya har bakinsa ya ji ciwo ba a barinsa, gaggawa aka yi, a koma baya a sake farawa a hankali.

Wasu na rage abinci wai don kashi ya ragu. Kar ka gwada wannan da ƙananan iri, sikarin jininsu na faɗuwa da wuri in suka daɗe ba su ci ba, sai ka ga kwikwiyo ya yi laushi yana rawar jiki yana tangaɗi, abin har yakan kai ga suma. Sau 3 ko 4 a rana a kan lokaci ɗaya kullum, in lokacin ci ya tsaya na kashi ma zai tsaya, ka ga ka samu sauƙin lissafi. Ruwa kuma ya kasance yana samu duk yini, abin da za ka iya yi shi ne ɗauke kwanon kamar awa 1 ko 2 kafin barci, in ana zafi ma ka bar masa.

Zai yi ɓarna a ɗaki, wannan dole ne. In ka kama shi yana cikin yi, ɗan tafa hannu ya isa, ka ɗauke shi zuwa wurinsa, in ya ƙarasa a can ka yabe shi. In kuwa daga baya ka tarar, goge kawai. Dukansa ko dangwara masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai tsoronka, kuma kwikwiyon da ke tsoron yin fitsari a gabanka shi ne zai tsaya ƙiƙam a waje ya ƙi yi, ku shigo ya lallaɓa bayan labule. Gogewar ma ba ta ruwa da sabulu kaɗai ba, hancinsa na jin abin da naka ba ya ji. Nemi maganin goge fitsarin dabbobi mai inzayim wanda ke cinye warin gaba ɗaya, ka guji duk mai sinadarin amoniya a ciki don warinsa na kama da na fitsari, kiran sa yake ya dawo.

Shimfiɗar nan mai tsotse fitsari da ake sayarwa tana da rana ga wanda ke saman bene ko wanda aiki ke tsarewa, amma ni ban cika son ta ba in akwai halin fita waje, don ƙaramin kare bai cika bambance ta da kafet ko tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ba. In dole za ka yi nesa fiye da awannin da zai iya riƙewa, kar ka kulle shi a keji, ka killace masa ɗan wuri, keji a buɗe a gefe ɗaya shimfiɗar a ɗaya gefen, ko ka samu wanda zai leƙo ya fitar da shi. Kwikwiyon da aka tilasta wa kwana cikin kashinsa ƙyamar abin na fita daga ransa, daga nan keji ya daina aiki, haka ma wanda aka sayo daga inda aka taso da shi a kulle dare da rana, irinsu sun fi ɗaukar lokaci.

Yawancin kwikwiyo na kama hanya tsakanin wata 4 zuwa 6, ƙananan iri wasu har su kusa shekara, don haka kar ka sakar masa gidan gaba ɗaya don ya yi mako guda lafiya, ɗaki ɗaya-ɗaya za ka riƙa buɗe masa. Ɗigon da yake yi sanda ka dawo yana murna ba ya cikin wannan lissafin, ɗoki ne, ka rage hayaniyar gaisuwa, yawanci girma na raba shi da shi. Amma in ka ga yana tsugunawa a kai a kai ɗan kaɗan ke fitowa, ko yana kuka in zai yi, ko akwai jini, ko wanda ya riga ya koya ya koma jiƙa makwancinsa, ka kai shi wurin likitan dabbobi a duba mafitsarar.