Yadda za ka koma Linux ba tare da aikin ofis ya tsaya ba

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma yawancin kwamfutocin gwanjo da muke aiki da su a nan Jos ba sa ɗaukar Windows 11. Ni da ke buga wa ɗaliban jami'a takardu a Unguwar Rogo, Linux Mint, wato tsarin gudanar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, na ɗora wa nawa, kuma shi nake nuna wa duk wanda hannunsa ya saba da Windows, don maɓallin buɗe manhajoji yana nan ƙasa ta hagu inda ka san shi. Kyauta ne, babu lasisin da za ka saya.

Kada ka fara da goge komai. Kwashe fayilolinka tukuna zuwa wani wuri. Sannan ka sauke Mint daga shafinsu, ya kusa gigabayit 3, saboda haka jira datar dare. Ka zuba shi a filas mai gigabayit 8 da manhajar Rufus, ka kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce. Mint zai tashi daga filas ɗin, bai taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A nan za ka gwada Wi-Fi da sauti, ka jona firinta ka buga shafi ɗaya. Yawancin firintocin HP da kansu suke bayyana. In taka ta ƙi, gara ka sani yanzu. Wanda kwamfutarsa ta tsufa sosai ya zaɓi Mint Xfce, ya fi sauƙin nauyi.

Inda aikin yake shi ne takardun da za su bar hannunka. LibreOffice na zuwa a ciki: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel. Sai dai Writer da .odt yake ajiye fayil, mutanenmu kuwa .docx suka sani. Shiga Tools, Options, Load/Save ka mayar da shi .docx tun ranar farko. Bayan haka ka ɗora ttf-mscorefonts-installer don samun salon rubutu na Times New Roman da Arial, ka kuma ɗora Carlito mai faɗi ɗaya da Calibri. In babu su, wasiƙar da aka tsara shafi ɗaya sai ka ga sa hannun ya zame shafi na biyu, mai takarda kuma na tsaye a kanka yana cewa, "Malam, ba haka na kawo ta ba fa." Duk abin da ba gyara za a yi masa ba, fitar da shi PDF kawai, ka huta.

A saitin allon rubutu ka ƙara Hausa ta Nijeriya, ka samu ɓ, ɗ da ƙ ba tare da kwafe-kwafe ba. Ka kuma rage lokacin ajiya ta atomatik a Writer zuwa minti 3, ka san halin wutarmu.

Bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji a filas ɗin ɗalibai ba ya aiki a Linux, har ma kana ganinsa ƙuru-ƙuru ka goge. CorelDRAW dai ba ya hawa. In katin biki da kalanda ne abincinka, bar Windows a gefe guda lokacin ɗorawa, kwamfutar za ta riƙa tambayarka wanne za ka shiga duk sanda ka kunna.