Kurakuran da ake yi wajen kallon tsofaffin finafinan 'yan daba na baƙi-da-fari a gida

Abin da ya fi ɓata wa mutane finafinan 'yan daba da 'yan fashi da aka yi a Amurka daga 1941 zuwa ƙarshen shekarun 1950 shi ne gyaran abin da bai lalace ba. Mutum zai sa faifai, ya ga rabin fuskar jarumi a cikin duhu, sai ya ɗauki rimot ya ƙure haske. Nan take baƙi ya koma toka-toka, inuwar da ta ratsa bango ta dushe. Alhali duhun nan da gangan aka yi shi. Dubi ƙarshen The Big Combo na 1955, wanda John Alton ya ɗauka: mutum biyu a cikin hazo a filin jirgi, ba abin da ake gani sai surarsu. Ka ƙara haske a nan, ka rushe aikin gaba ɗaya. Maganin shi ne a kashe fitilar ɗaki, a fitar da talabijin daga saitin hoto na Vivid, a mai da ita Cinema ko Filmmaker Mode.

Sai miƙe hoto. Kafin 1953 kusan duk finafinan nan a ma'aunin 1.37:1 aka ɗauke su, don haka dole a ga baƙin fili dama da hagu a talabijin ta zamani. Wasu ba sa jure wannan, sai su baje hoton ya cika allo, fuskar jarumi Humphrey Bogart ta koma kamar faifan da aka taka. A bar filin nan yadda yake.

Akwai kuma wani saiti da ke zuwa a kunne daga kamfani, wanda LG ke kira TruMotion, Sony kuma Motionflow. Fim hoto 24 yake gudu a daƙiƙa, saitin kuwa yakan ƙirƙiro wasu hotuna ya cusa a tsakani, sai fim ya yi santsin wasan kwaikwayon talabijin. A kashe shi, tare da mai goge tsaki-tsakin hoto, domin tsakin nan na asalin fim ne, kuma in ya tafi har da gumin goshi da saƙar kwat yake tafiya.

Wurin saye ma ana tafka kuskure, kuma wannan ya fi ci mini rai. Finafinai irin su Detour na 1945 da D.O.A. haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kowa na iya bugawa. Shi ya sa ake samun faifai mai arha da finafinai goma a cunkushe, hoto dishi-dishi, murya na ƙara. Mutane da yawa sun yanke wa Detour hukunci a kan irin wannan kwafi, har aka gyara shi a 2018, kamfanin buga finafinai na Criterion ya fitar a 2019. Kafin ka biya, duba wa ya buga da kuma ko an ambaci gyara.

Wanda aka shafa wa launi kuwa, a guje shi. Darakta John Huston ya yi tir da shafa wa fim ɗinsa The Maltese Falcon launi, kuma a 1991 babbar kotun Faransa ta goyi bayan magadansa a kan launin da aka shafa wa The Asphalt Jungle.

A kula da wane bugu ne. Touch of Evil na 1958 kamfani ya yanke shi ba da son daraktansa Orson Welles ba, sai a 1998 aka sake haɗa shi bisa takarda mai shafi 58 da Welles ya rubuta. The Big Sleep ma iri biyu ne, na 1945 da na 1946.

In daga waje za ka yi oda, tuna da kullen shiyya, wato faifan wata shiyya ba ya buɗewa a na'urar wata shiyyar. DVD na Amurka shiyya ta 1 ne, Najeriya da Nijar ta 5. A Blu-ray Amurka A ce, Turai da Afirka B, saboda haka Blu-ray bugun Ingila ya fi dacewa da na'urar da aka yi wa Afirka, sai dai in taka mai karanta kowace shiyya ce.