Baƙo daga Labanon zai zo Kamaru: yadda ake haɗa masa biza

Aikina a Duwala shi ne riƙe takardun wani kantin kayan gini a unguwar Akwa, kuma maigidana ɗan Labanon ne. Duk wanda zai zo masa daga Bairut, ɗan'uwa ne ko injiniya ko abokin ciniki, ni ake miƙa wa zancen bizarsa. Abin da nake gaya wa kowa tun farko shi ne, rabin aikin yana hannun mai masauki a nan Kamaru. Idan mai masauki ya yi sanyin jiki, baƙo zai zauna a Bairut da jakarsa a ɗaure.

Mai fasfo na Labanon ba ya shiga Kamaru sai da biza. Waɗanda aka ɗauke wa su ne 'yan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, wato Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, sai 'yan Najeriya. Saboda haka tambayata ta farko ga baƙo ita ce: fasfo nawa gare ka? Akwai 'yan Labanon da yawa da aka haifa a Kano ko Legas, suna riƙe da fasfon Najeriya. Irin wannan, in ziyara ce ta ɗan lokaci, ya huta da duk abin da zan lissafa a ƙasa, ban da allura.

A fara da fasfon. Ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya mutu, da shafi fili na manna biza. In yana buƙatar sabuntawa, a je hukumar tsaro ta Labanon mai ba da fasfo tun da wuri, domin a 2022 sai da ta dakatar da ba da ranar ganawa saboda ƙarancin littattafan fasfo, mutane da yawa suka rasa tafiyarsu.

Sai allurar rigakafin cutar shawara. Labanon ba ƙasar shawara ba ce, don haka baƙi da yawa ba su taɓa jin labarin katin shaidar allurar mai ruwan ɗorawa ba. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya yi ta ana jibi zai tashi, katinsa bai fara aiki ba tukuna. Amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, don haka tsohon kati yana nan daram, kada wani ya sa a sake biya.

Yanzu ga naka aikin, kai mai masauki. In baƙon a gidanka zai sauka, za ka yi takardar masauki, wadda a ofisoshi ake kira certificat d'hébergement, ka kai a buga mata hatimin hukuma, ka haɗa da kwafin katin shaidarka ko katin zamanka. In otal ne, takardar kama ɗaki ta wadatar. In kasuwanci ya kawo shi, kamfani ya rubuta wasiƙar gayyata mai faɗin abin da zai zo yi da tsawon zamansa. A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina, a kan rubutun suna. Sunan Larabci ɗaya ana iya rubuta shi da boko ta hanya uku: Hussein, Houssein, Husayn. Ka ce baƙo ya turo hoton shafin fasfonsa, ka kwafa harafi bayan harafi. Kada ka rubuta yadda kunnenka ya ji.

Tun 30 ga Afrilu 2023 ake neman bizar Kamaru ta intanet, a shafin evisacam.cm. A buɗe asusu, a cike fom, a ɗora fasfo, hoto, katin allura, tikitin zuwa da komawa, takardar masauki da shaidar abin da zai ci da kansa. Lokacin da aka fara tsarin, bizar gajeren zama sefa 100,000 ce, kusan Yuro 152, ana amsawa cikin sa'a 72. Ta gaggawa sefa 150,000, cikin sa'a 24. A duba farashin da shafin ya nuna ranar biya. Ni dai ban ga amfanin ta gaggawa ba ga wanda ya fara da wuri, sai in rasuwa ce ko injin da ya tsaya ake jiran mai gyara.

Wajen biya ne ake yawan cijewa. Tun rikicin bankunan Labanon na 2019, katin tsohon asusu ba ya biya a waje, sai katin da aka zuba wa sabuwar dala, wato wadda aka saka bayan rikicin. In baƙo ba shi da irinsa, ka biya masa daga nan, ku daidaita in ya iso.

In an amince, za a turo takardar izini mai lambar QR. Wannan takarda ba ita ce bizar ba. Wanda yake zaune inda Kamaru ke da ofishin jakadanci, can zai je a ɗauki yatsunsa a manna masa. Wanda babu ofishi a inda yake, a filin jirgin Duwala ko na Nsimalen da ke Yawunde za a manna masa. Ya buga takardar a kan farar takarda, kwafi biyu, domin ma'aikacin kamfanin jirgi a Bairut zai nemi gani kafin ya ba shi kujera, kuma waya tana iya mutuwa a hanya.

Babu jirgi kai tsaye daga Bairut zuwa Duwala. Ana bi ta Istanbul, Addis Ababa ko Alƙahira. Na fi son Istanbul ga tsofaffi, domin ɗan Labanon ba ya buƙatar bizar Turkiyya, in jirgi ya yi latti yana iya fita ya kwana a otal. Hanyar Turai kuwa, a tambayi kamfanin jirgi maganar bizar wucewa kafin a sayi tikiti.

Da ya sauka, katin allura ake fara dubawa, sannan 'yan sandan shige da fice. Ya riƙe lambar wayarka da adireshinka a rubuce, kai ma ka kasance a bakin ƙofa da waya a kunne. Kuɗin da zai canja sefar BEAC ce, wato babban bankin ƙasashen CEMAC. Sefar Nijar ko Abijan darajarsu ɗaya, amma mai tasi a Duwala ba zai karɓa ba.

Bizar Kamaru ta Kamaru ce kaɗai. Kuɗin CEMAC ɗaya ne, amma baƙon da ya je Kusiri, a bakin iyakar Chadi, yana son tsallaka gada ya shiga Njamena, sai da bizar Chadi. Kuma bizar ziyara ba izinin aiki ba ce. In maigida ya ga yaron ɗan'uwansa ya iya ciniki yana son riƙe shi a kanti, sai ma'aikatar samar da ayyuka ta sa hannu a kwantiraginsa, sannan a nema masa katin zama wajen 'yan sanda, duk kafin ranar da aka rubuta a bizar ta cika.