Yadda ake auna sharhin masana a kan kundin farko na matasa masu kiɗan rok irin na da

A watan Oktoba na shekarar 2018, ƙungiyar Greta Van Fleet ta fitar da cikakken kundin waƙoƙinta na farko mai suna Anthem of the Peaceful Army. Matasa huɗu ne daga ƙaramin garin Frankenmuth na jihar Michigan a Amurka: tagwaye Josh da Jake Kiszka masu shekara 22 a lokacin, da ƙanensu Sam, da mai ganga Danny Wagner. Kundin ya shiga Billboard 200, jerin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, a matsayi na 3, amma mujallar Pitchfork ta ba shi maki 1.6 cikin 10, bisa zargin cewa kwaikwayon Led Zeppelin, tsohuwar ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, ne tsagwaronsa. Duk wanda ya tarar da irin wannan saɓani tsakanin masu saye da masu sharhi yana bukatar hanyar da zai bi ya yanke hukunci da kansa, kuma ga wadda nake ganin ta fi dacewa.

Ka fara da sauraron kundin daga farko har ƙarshe, aƙalla sau biyu, kafin ka karanta abin da kowa ya rubuta, domin makin da ka riga ka gani yakan toshe kunne. Ka rubuta waƙoƙin da karinsu ya zauna maka a rai da waɗanda ka ƙosa su ƙare. Wannan 'yar takarda ita ce shaidarka idan ka zo gaban masana.

Daga nan sai ka nemi tsohon kiɗan da ake cewa an ɗebo daga gare shi, ka saurare su gefe da gefe, kuma a nan ne aikin yake da nauyi. Bai isa a ce sun yi kama ba, sai an nuna inda kamar take. A wajen Greta Van Fleet, abin da kunne ke fara kamawa shi ne siririyar muryar Josh mai tashi sama, wadda ke tuna wa mutum Robert Plant, mawaƙin Led Zeppelin, a lokacin ƙuruciyarsa, sai amon jita da nauyin ganga irin na shekarun 1970. Ka tambayi kanka ko aron ya tsaya a kan murya da kayan kiɗa ne, ko kuwa ya kai har ga ginin waƙar, wato yadda take buɗewa, da inda take hawa, da inda take sauka, da abin da baitocinta ke faɗa. Aron amo abu ne da kowane sabon makaɗi yake yi, kamar yadda yaron makaɗi a ƙasar Hausa yakan daɗe yana waƙa da muryar ubangidansa kafin ya sami tasa. Aron ginin waƙa kuwa shi ne ya cancanci tuhuma, domin kama da wane ba ta wane, kuma mai sauraro yana da haƙƙin ya tambaya me ya sa ba zai koma ga na asalin ba.

Sai yanzu ne za ka buɗe sharhin, kuma kada ka tsaya ga guda ɗaya. Ka raba abin da marubucin ya faɗa a kan kiɗan da abin da ya faɗa a kan tufafin mawaƙan, da kamfaninsu, da masoyansu. Sharhin Pitchfork, wanda Jeremy Larson ya rubuta, ya ba da fili mai yawa ga yadda manhajojin sauraron waƙa ke tura wa jama'a abin da ya yi kama da wanda suka saba, kuma wannan ƙorafi ne mai ma'ana, sai dai a ganina masana'antar yake tuhuma fiye da yaran. Inda mai sharhi ya ambaci waƙa da sunanta ya nuna rauninta, koma ka saurara ka gani ko gaskiya ne. Inda ya tsaya ga ba'a, ka karanta ka wuce. Ka kuma lura da al'adar gidan da ya buga sharhin, saboda mujallar da ta ginu a kan neman sabon salo da wadda masu karatunta ke begen tsohon rok ba za su auna da mudu ɗaya ba.

Akwai tarihi kaɗan da ya kamata ka riƙe. Lokacin da Led Zeppelin ta fitar da kundinta na farko a 1969, mujallar Rolling Stone ta kushe shi, ta ce bai kai na ƙungiyar Jeff Beck ba. 'Yan Led Zeppelin su kansu sun ɗebo da yawa daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, har mawaƙin bulus Willie Dixon ya kai su kotu a 1985, aka sasanta daga baya. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyar The Strokes ta birnin New York ta fito a 2001 da kundin da kowa ya ji ƙamshin tsohuwar ƙungiyar Velvet Underground a cikinsa, amma masu sharhi suka yi ta yabo, saboda waƙoƙin gajeru ne, tsararru, masu bayyana rayuwar matasan zamaninsu. Ke nan ba waiwaye baya ne ke jawo suka ba, abin da ake nema shi ne ko mawaƙin ya zo da wani abu nasa a cikin tsohuwar rigar.

Kada lambar yabo ko yawan ciniki su rufe maka ido su ma. A watan Fabrairu na 2019 ƙungiyar Greta Van Fleet ta karɓi kyautar Grammy ta kundin rok mafi kyau, amma saboda gajeren kundinta From the Fires na 2017 aka ba ta, ba saboda kundin da ake taƙaddama a kansa ba, kuma mutane da yawa suna haɗa biyun.

Abu na ƙarshe yana bukatar haƙuri. Ka ajiye kundin na wasu watanni, sannan ka dawo gare shi tare da wanda ya biyo baya, wato The Battle at Garden's Gate na 2021, ka ɗauko takardarka ta farko, ka duba waɗanne waƙoƙi ne har yanzu kake son ji ba tare da sunan Led Zeppelin ya faɗo maka a rai ba.