Kurakuran da injiniyoyinmu ke yi da ƙirƙirarriyar basira

Duk wanda ya yi aikin gini a Jidda ko Riyadh ya san ba a karɓar kankare da baki. Ana ɗibar samfuri daga motar, a zuba a ƙananan mazubai, a jiƙa a ruwa, ranar da ya cika kwana 28 a kai shi ɗakin gwaji na'ura ta danne shi har ya tsage. Nauyin da ya fashe a kai shi ne shaida. Abin da ke damuna, wannan injiniyan da ba ya ɗaga wa siminti ƙafa, da an kawo masa manhajar ƙirƙirarriyar basira an ce tana canka daidai sau 95 cikin 100, sai ya sa hannu. Tun da aka kafa SDAIA, hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta Saudiyya, a 2019 irin waɗannan manhajoji suke ƙara shigowa ofisoshin da 'yan'uwanmu Hausawa ke aiki, don haka gyara ya zama dole.

Babban kuskuren shi ne gwada manhaja don ta gaskata mu. Mu zaɓo mata bayanai masu tsabta, ta ci, mu yi murna. Masanin falsafa Karl Popper ya nuna tun 1934 cewa iƙirari ba ya zama na kimiyya sai akwai sakamakon da zai iya ƙaryata shi. Kusan shekara 900 kafin shi, Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi kan shakkunsa game da Baɗlimus, masanin taurari na zamanin da, inda ya ce mai neman gaskiya ya mayar da kansa abokin gaban abin da yake karantawa, ya kuma tuhumi kansa. Gyaran ba shi da wuya. Kafin ka kunna gwaji, rubuta a takarda sakamakon da idan ka gan shi za ka ƙi manhajar. Sannan ka miƙa ta ga abokin aikin da ba shi da hannu a gininta, aikinsa kawai ya kayar da ita: hotunan ranar guguwar ƙura, karatun na'urar auna zafi da rana ta gasa ta fara ƙarya, bayanan da aka shigar da kuskure.

Na biyu ya fi shafarmu a nan. A ce an ba ka bayanan wutar lantarki na wata unguwa daga 2022 zuwa 2025, ka koyar da manhaja ta riƙa hasashen buƙata. Kowa ya san Ramadan yana juya gari. Lokacin aiki yana komawa awa shida, kasuwa tana ci bayan tarawihi, kicin yana tashi gab da magariba da kuma sahur. To a waɗannan shekaru huɗu azumi ya fara ne tsakanin Maris da farkon Afrilu. A 2015 kuwa a watan Yuni ya kama. Yana ja da baya kusan kwana 11 kowace shekara, kuma sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo. Manhajarka ba ta taɓa ganin azumi a tsakiyar zafi ba, lokacin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana, kuma idan kwanan watan Miladiyya kaɗai ka ba ta, za ta ɗauka halin watan Maris ne mutane su raya dare. Masanin falsafa David Hume ya faɗi tushen matsalar a ƙarni na 18: abin da ya saba faruwa bai isa hujjar cewa zai ci gaba da faruwa ba. Ka shigar da kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta Saudiyya, a matsayin bayani mai zaman kansa, zafin rana shi ma daban. Kuma a rahotonka ka rubuta ƙarara iyakar yanayin da aka gwada ta a ciki. Haka lamarin yake ga magudanan ruwa: wanda ya dogara da shekarun da Jidda ba ta ga ruwan kirki ba, ya tuna Nuwamban 2009, da ambaliya ta kashe mutum sama da 100.

Sai ɗaukar cewa idan ka fahimci mutum ɗaya ka fahimci taro. A ranar 12 ga Janairun 2006 sama da mahajjata 340 suka rasu a bakin gadar Jamarat, Allah ya jiƙansu. Dirk Helbing, mai nazarin motsin taron jama'a, da abokan bincikensa sun bi hotunan bidiyon ranar daki-daki. Sun ga da cunkoso ya ƙaru, tafiya ta koma a taka a tsaya, daga nan ta rikiɗe mutane suna tangal-tangal ta kowace fuska ba da son ransu ba. Babu wanda ya yi niyyar ture wani. Halin ya fito ne daga haɗuwarsu, bayan an ƙetare wani mizani na cunkoso. Shi ya sa gyaran da aka yi na tsari ne: gada mai hawa-hawa, hanyar shiga daban ta fita daban, da raba wa tawagogi lokutan jifa. Manhajar da ta koyi ranakun lafiya lau za ta zaci ƙarin mutum dubu ƙarin jinkiri ne kaɗan kawai. Ko taro kake tsarawa, ko layin wuta, ko zirga-zirgar motoci, ka nemi inda tsarin ke sauya hali, ka bar tazara mai faɗi kafin a kai wurin.

Akwai kuma manhajar da ke cin jarrabawa ta ɓarauniyar hanya. A 2018 masu bincike a Amurka sun gano manhajar gano ciwon huhu daga hoton ƙirji tana gane asibitin da aka ɗauki hoton, tana amfani da hakan wajen hasashe, kuma da aka kai ta wani asibitin sai ƙoƙarinta ya ragu. Wadda ka koyar da hotunan tsagewar gini a Makka, ka gwada ta da na Dammam, da wata kyamarar.

Na ƙarshe sabo ne, kuma yana yaɗuwa tsakanin matasanmu. Ana tambayar manhajar hira, wato mai amsa tambayoyi kamar mutum, abin da dokar gini ta Saudiyya ta ce, ta kawo lambar sashe da adadi cikin Larabci mai daɗi, a kwafa a saka a lissafi. Ita kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take hasashe, don haka tana iya ƙago sashen da babu shi ba tare da muryarta ta sauya ba. Yi amfani da ita ta nuna maka inda za ka duba. Amma duk lambar da za ta shiga zanen da zai ɗauki sa hannunka, buɗe kundin dokar, ka tabbatar bugun da ake aiki da shi ne, ka rubuta lambar shafin a gefen lissafin.