Yadda ake ɗaukar fim ɗin rayuwar ɗan rawar koroso

Kada ka fara da ranar wasa. Sababbin hannu haka suke yi: su jira biki, su kutsa cikin jama'a da kyamara, su dawo da ƙura da ƙeyar mutane. Fara da wurin atisaye. In a Kano kake, je Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, ka nemi a haɗa ka da shugaban 'yan wasa. Yi zuwa biyu ko uku hannu rabbana, ka zauna ka kalla. A nan za ka gane wanda ke tsara taku, yana gyara wa yara. Shi za ka bi, ko da akwai wanda ya fi shi iya alkafura.

Na biyu, ɗauki mutum tun daga kai har tafin ƙafa. Kafa kyamara ɗaya daga nesa, kada ka taɓa ta har a gama. Fuska ta jira kyamara ta biyu. Waya mai kyau ma ta isa, ba sai ka yi haya ba. Sa ta a hoto 50 cikin daƙiƙa, don ka iya rage gudun tsalle daga baya.

Sai sauti, kuma nan ne na taɓa yin asarar aikin kwana uku. Na dogara da makirufon jikin kyamara, ganga ta cinye komai. Da na zo tacewa, ga ƙafafu suna dukan ƙasa amma babu ƙarar kacau-kacau ɗin da ke ɗaure a ƙafar, sarewa kuma sai ka kasa kunne. Alhali wannan ƙarar ita ce rabin rawar. Yanzu na'urar naɗar sauti daban nake ajiyewa a ƙasa, taku uku daga masu rawa, can nesa da makaɗa. Wata kuma kusa da mai sarewa. Kafin a fara, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da shi za ka daidaita sauti da hoto. Sa abin sauraro a kunne tun daga farko har ƙarshe. In an tashi, roƙi mutum ɗaya ya sake takun shi kaɗai, ba kiɗa, minti biyu.

Hira da mai tsara takun nan a gidansa za ka yi ta, ko wurin sana'arsa. Kada ka ce "ba mu tarihinka". Tambaye shi wa ya koya masa, wane taku ne nasa na kansa, sannan ka ce ya tashi ya nuna.

Wajen tacewa kada ka yanke a tsakiyar juyi, bari ƙafa ta sauka. Rubuta sunan kowane makaɗi. Ku yi maganar kuɗi tun kafin ɗauka, kuma ka nuna musu fim ɗin kafin ka kai shi Hukumar Tace Fina-finai ko ka ɗora a YouTube.