Darasi na 9: Yadda bitamin E ke tahiya daga tukunya har cikin jijiya

Salamu alaikum ɗalibai, iyaye mata da maza. Darasin yau ya ɗan yi nauyi, a bi shi sannu-sannu, wanda wani wuri ya shige mishi duhu ya tsaida malami a maimaita, babu kunya cikin neman sani.

Jijiyar da muke nufi a nan ita ce mai kai saƙo, wadda in ka taka ƙaya take sanar da ƙwaƙwalwa nan take. An gina ta da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, amma wasunsu dogaye ne ƙwarai, akwai ƙwaya guda da zarenta ke tasowa daga ƙasan gadon baya ya zarce har babban yatsan ƙafa, kusan mita guda ga babban mutum. Fatar da ta lulluɓe wannan zare yawancinta kitse ce. To mata kun san halin mai in anka bar shi a buɗe ya daɗe, yana canza wari ya koma ɗaci. Oksijan na cikin iska ne ke ɓata shi, kuma shi ɗin ne dai ke iya ɓata kitsen jijiya, ga shi ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na oksijan ɗin da jiki ke amfani da shi. Nan aikin bitamin E yake, yana zaune cikin fatar ƙwayar, da ɓarna ta taso sai ya tare ta kafin ta bi kitsen ta yaɗu. In ya gaji bitamin C ke maido mishi ƙarfi, wanda ake samu cikin lemu da gwaba da ɗiyan kuka.

A 1922 anka gano bitamin E a Kaliforniya ta ƙasar Amurka, wasu masana biyu Herbert Evans da Katharine Bishop sunka lura ɓerayen da babu shi cikin abincinsu cikinsu yana zubewa. Daga nan ne masu talla sunka samu abin faɗi har yau, wai maganin haihuwa ne. Ku riƙe kuɗinku, an ga wannan ga ɓera ne.

Yanzu ga tahiyar. Bitamin E ba ya narkewa cikin ruwa sai cikin mai, jini kuwa ruwa ne, shi ya sa ba ya iya shiga jini shi kaɗai sai an yi mishi abin hawa. In kin ci kwaɗon zogala da ɗan mai a ciki, a ƙaramin hanji ruwan matsarmama da hanta ke yi zai farfasa man, fatar hanji ta tsotse shi tare da bitamin ɗin, ta dunƙule su cikin ƙananan ƙwallayen kitse ta tura su har su faɗa jini su isa hanta. In babu mai cikin abincin, ko matsarmama ba ta zubo ruwanta ba, yawancin bitamin ɗin sai ya bi bayan gida ya tahi a banza.

Hanta ita ce babbar tasha. Bitamin E iri 8 ne cikin abinci, duka suna isowa, amma akwai wani sinadari a hanta da ake ce ma alfa-TTP, shi ne ɗan kamasho, yana tsaye bakin mota yana zaɓen wanda zai hau, kuma iri guda yake so, mai suna alfa-tokoferol. Shi yake lodawa cikin wasu sabbin ƙwallayen kitse su koma jini su zaga jiki, sauran iri 7 ɗin hanta ta narka yawancinsu a fitar da su. Ku riƙe sunan alfa-TTP za mu dawo kanshi.

Shiga ƙwaƙwalwa kuma wani aiki ne daban, don hanyoyin jinin da ke cikinta a matse suke, Allah ya yi musu katanga wadda ba ta barin komi ya ratsa haka kawai. Bitamin E yana zuwa ne bisa ƙwallon da ake kira HDL, wanda likitoci ke ce ma kwalastaral mai kyau, a jikin katangar akwai wata ƙofa mai suna SR-BI da ke karɓar shi ta wuce da shi ciki. Ko a ciki ma ba kai tsaye yake faɗawa jijiya ba. Akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, astrosit, su ne masu yi ma jijiya hidima, su ke fara karɓa su aje, in buƙata ta taso su sake naɗe shi cikin nasu ƙwallon kitsen mai ɗauke da sinadarin ApoE su saki, ita kuma ƙwayar jijiya tana da wuraren kamu a fatarta da ke gane ApoE, ta cafke ƙwallon ta haɗiye shi, a cikinta wata 'yar jaka ta warware ƙullin ta saki bitamin ɗin ya bazu cikin fatun ƙwayar. Yawancin wannan bayani an same shi ne daga bincike kan ɓeraye da ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji.

Abu mai daɗi shi ne jijiya tana da riƙo, in abinci ya yi ƙaranci hanta da jini su ke fara rasa bitamin E, ƙwaƙwalwa ta daɗe tana riƙe da nata. Babban mutum sai ya yi shekaru kafin alama ta fito, amma yaro ba ya kai haka. Kuma gaskiya rashin bitamin E saboda abinci kaɗai ba ya da yawa, an fi ganin shi inda hanyar ta yanke: mai ciwon hanta da ruwan matsarmama ya toshe, mai zawo da ya ƙi ƙarewa wanda bayan gidanshi ke naso da mai yana tashi saman ruwa, yaro mai tamowa mai tsanani, da bakwaini.

Sai kuma na gado. Akwai yaran da ake haifa alfa-TTP ɗinsu ba ya aiki, su ci gujiya su ci mai yadda sunka ga dama, hanji ya tsotsa lahiya lau amma hanta ta kasa lodawa. An fi sanin wannan ciwo a arewacin Afirka kamar Tunisiya, a 1995 anka gano ƙwayar gadon da ke kawo shi, kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita, shi ya sa ya fi fitowa cikin auren zumunta. Yawanci yana farawa tsakanin shekara 5 zuwa 15. Yaron da ke gudu da kyau sai a ga ya fara tangaɗi yana buɗe ƙafa in zai yi tahiya, takalmi ya suɓuce bai ji ba, da dare ko in ya rufe ido abin ya fi muni, ya miƙa hannu ɗaukar moɗa ya wuce ta, daga baya magana ta yi nauyi. Dogayen jijiyoyin ƙafa da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya mai kula da daidaita jiki su ke fara lalacewa. A gida sai a ce iskoki ne a yi ta hayaƙi ana ɓata lokaci, alhali in an gane shi da wuri likita na ba da bitamin E mai yawa kullum har ƙarshen rayuwa, ciwon ya tsaya inda yake. Jijiyar da ta riga ta mutu kuwa da wuya ta dawo. Amma fa ba kowane mutuwar ƙafa ko jin kamar tururuwa na bi ba ne bitamin E, ciwon suga da rashin bitamin B12 sun fi kawo haka ga manya, gidan likita ne za su bambance.

Batun tukunya, mu 'yan Maraɗi ba mu da uzuri, ƙasar gujiya ce tun kakanni. Babban mutum na buƙatar miligram 15 a rana, mai shayarwa 19. Gujiya giram 100 tana da wajen miligram 8, babban cokali na man gujiya wajen 2. Manja ma yana da shi, ganye irin alayyahu da zogala suna da nasu ɗan rabo, riɗi kuwa yawancin nashi ba irin da hanta ta fi so ba ne amma kar a raina shi. Ƙuli-ƙuli an riga an matse yawancin manshi, bitamin ɗin ya bi man, don haka in za ki kwaɗa zogala ki ɗiga cokalin mai ɗanye a kai bayan ƙulin. Kunun gujiya ga yaron da anka yaye ya fi kunun hatsi zalla nesa ba kusa ba. Man da anka toya ƙosai da shi yau gobe a sake jibi a sake har ya yi baƙi, wuta ta cinye bitamin ɗinshi. A aje mai cikin kwalba ko bido mai murfi a inuwa, wanda ke shanye a rana kan tebur a wuce shi. Gujiyar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a baki a zubar, gubarta hanta take kamawa.

Ƙwayoyin bitamin E masu kamar hawayen zinari da ake saidawa a farmasi da kan tire, mai lahiya ba ya buƙatarsu. In sunka yi yawa suna hana jini daskarewa, mai shan maganin tsinka jini ko wanda za a yi ma tiyata kar ya taɓa su sai likita ya rubuta.

Aikin gida: kowa ya rubuta cikin littafinshi abin da anka ci a gidanshi jiya daga safe zuwa dare, ya ja layi ƙarƙashin duk wanda ke da mai ko gujiya ko ganye. Sannan ya rubuta wuraren da bitamin E ke tsayawa daga hanji har jijiya bi da bi, ranar aji mai zuwa mutum biyu za su tashi su karanta nasu a gaban allo.